Tambayar Aro

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma. Amma bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi. Takarda biyu ce a ƙarƙashin matashina. Ɗaya daga wata babbar jami'a can nesa, sun ba ni gurbin digiri na biyu a fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa, karatu kyauta, don ni na zo ta ɗaya a ajinmu, kuma ba zan yi kunyar ƙarya in ce sa'a ce ba. Ɗayar daga wani ƙaramin kamfanin gyaran rijiyoyin burtsatse a nan garinmu, suna so in fara aiki ranar Litinin. Kowannensu yana jiran amsa kafin azahar ɗin yau. Ga kuma Babana, Malam Isiyaku kafinta, wanda tun ina aji biyu ya ƙera firam uku na saka takardun digiri ya jera a bangon falo. Ɗaya ya samu takardarsa, biyu na nan wayam. Ko gishiri zai aike ni saye, "Dakta" yake kirana.

Sai na gan ni a wani gari inda ruwan sama daga ƙasa yake tasowa. Mutane sun juya laimominsu sun tsaya a ciki, mata na kifa bokitai su cika, su ɗora a ka a kife su wuce. Rijiyoyin garin duk a cikin gajimare aka haƙa su, da tsani ake zuwa ɗiba. Ban yi mamaki ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka haɗa bututunsu, aikin banza, ko'ina yoyo. A wuyana kuma ga firam ɗin Baba guda, marar takarda, na saƙala shi kamar sarƙa.

"Dakta, ɗaga ƙafa mana," in ji firam ɗin, da muryar Baba sak.

Ina ɗaga ƙafa sai na sauke ta a ofishin ɗaukar ɗalibai. Wata akuya ce magatakarda, da tabarau a kan hanci da hatimi ɗaure a ƙahon dama. Duk wanda ya miƙa takardunsa sai ta cinye su, in sun yi daɗi an ɗauke shi. Na gabana ta tauna nasa sau biyu ta tofar, ta ce ba gishiri. Da aka zo kaina na miƙa sakamakona ina wani ɗaga hanci. Ta lumshe ido tana taunawa, har da lashe baki.

"Kai! Shafa'atu Isiyaku, wannan wa ya dafa?"

"Ni da kaina, ranki ya daɗe. Shekara biyar yana kan wuta."

"Rabona da irin wannan tun ina da haƙoran gaba. Har wani ɗan zaƙi gare shi ta wajen lissafi." Ta goge gemunta. "To, ina tambayarki?"

Na waiwaya. Ashe duk mutanen layin nan kowa da kwando a hannu, a cikin kowane kwando da tambaya, rayayya, da gashinta da ƙafafunta kamar kaza. Wani dattijo a bayana ya ce shekara shida yana kiwon tasa a wurin aiki, ta yi ƙiba har tana cizon kwandon. Ni kuwa hannu biyu na zo.

"Ai na ɗauka a ciki ake rabawa," na ce.

"A ciki kujera muke rabawa. Me za ki ciyar har shekara biyu? Je ki samo, da azahar muke rufe ƙofa."

Sai ga ni a kasuwa, layin masu tambayoyi. Wata tsohuwa mai zanen saƙi ta ce nata duk na aro ne, in an gama a mayar. Ta zaro mini wata daga ƙarƙashin tebur, ramammiya, wuya duk a fige.

"Iya, wannan tana da rai kuwa?"

"Lafiyarta lau, 'yar nan. Mutum goma sha bakwai suka yi digiri da ita, ba ta taɓa ba kowa wahala ba. Ba ta cizo, ba ta hana barci."

Na ɗaga ta, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Nazari a kan... nazari a kan..." ta koma barcinta. Raina bai so ba, wallahi. Amma firam ya ɗan matse mini wuya, na rungume ta na juya.

Akuya ta sunsuna ta sau ɗaya ta yi atishawa. "Wannan ai ƙawata ce. Bara ma ta zo da wani mai gemu. Ba komai, da yawa da irinta suke shiga, kuma su fito da hula. Saura shaida ɗaya, wanda ya san aikinki."

Na fara jero mata sunayen furofesoshina, har da wanda ya taɓa karanta amsata a gaban aji.

"Waɗannan rubutunki suka gani. Ina wanda hannunki ya taɓa?"

Kafin in buɗe baki sai na ji ƙiii, ƙiii, daga bakin ƙofa. Famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu ne, wanda ke gindin dalbejiya, ya shigo yana tsalle da ƙafarsa ɗaya, ya ci hula zanna. Ya yi sallama, ya gaida akuya, ya nemi a ba shi ruwa ya jiƙa maƙoshi.

"Na san yarinyar nan," in ji shi. "Lokacin da na mutu na farko, maza huɗu suka kwana biyu suna zagaya ni suna tsaki. Ta zo ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ce a matsa. Kafin la'asar na kawo ruwa. Hannunta ba ya rawa, kuma ba ta taɓa mantuwa da ƙusa ko ɗaya a cikina ba. Duk garin nan ban ga kamarta ba."

Jama'a, ku zo ku ga yadda na kumbura! Na dubi 'yan layi ɗaya bayan ɗaya don in tabbatar kowa ya ji. Har dattijon nan sai da ya jinjina kai.

"Sai dai," in ji famfo, "sau uku tana tashina, sau uku ina komawa. Duk bazara. Ni da 'yan'uwana na gabashin gari, mu wajen arba'in. Na yamma ko tari ba sa yi. Kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa ta ce me ke damunmu ba."

Nan fa raina ya ɓaci. "Haba kai kuwa! A gaban mutane? Robar cikinka ce take cinyewa, na kuma sauya maka ita!"

"Haka ne. Me ke cinye ta?"

Na buɗe baki. Na laluba shekara biyar ɗin nan kaf, littafi bayan littafi, ban samu ba. Kunya ta kama ni, sannan wani abu ya biyo bayanta wanda ya fi kunyar ƙarfi: ina son in sani. Me ya sa gabas? Me ya sa bazara? Famfo ya yi tari sau biyu, sai ga ƙwai ya faɗo daga bakinsa ya sauka a tafina, da ɗuminsa.

Akuya ta sauke tabarau. "To, ga taki ta zo. Amma ba ta ƙyanƙyashe ba."

"Sai in shiga da shi, in kwanta masa a laburare."

"Sanyi zai kashe shi. Irin wannan a bakin rijiya ake masa kwanci, cikin taɓo, bazara biyu ko uku. Zaɓi naki ne. Ga ƙofa a buɗe, ki shiga da ta aro yanzu. In kin tafi da ƙwai, ban yi miki alkawarin kujera ba, kyautar karatun ma wani za mu ba."

Ƙofar ta fara rufe kanta a hankali tana hamma. Ta ciki ina hango huluna masu tuntu suna yawo su kaɗai, suna neman kawuna. Firam ya matse ni har sai da na ga taurari.

"Dakta," ya ce, a hankali wannan karon. "Na riga na faɗa wa mutanen masallaci za ki tafi karatu."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. Na tsaya, tambayar aro a hammata, ƙwai a tafi. Ita tana minshari, shi kuwa wani abu na ƙwanƙwasawa daga cikinsa, ƙwas, ƙwas. Na ajiye ta aro a kan teburin akuya.

"A mayar wa Iya, a ce na gode."

"Kin san abin da kika bari kuwa?"

"Na sani. Wadda ta dafa abin da kika lashe baki a kansa ɗazu ba ta mutu ba, ranki ya daɗe. Zan dawo da kwandon da sai mutum biyu sun kama mini."

Akuya ta buga wa iska hatimi. Ƙofa ta rufe.

Sai ga ni a kan tsani, ina hawa, ruwa na wuce ni yana tafiya sama. A can ƙarshe Baba ne zaune a kan gajimare yana fere shi, ɓawon na zuba fari fat. Na buɗe baki in faɗa masa, abin da ya fito kawai shi ne ƙiii, ƙiii. Na sake gwadawa. Ƙiii, ƙiii, ƙiii.

Na farka. Gari ya waye, kuma ƙarar tana nan, daga gindin dalbejiya take zuwa: famfonmu ne ake tuƙawa, ba ɗigon ruwa. Na dubi tafina, ba ƙwai. Na zaro takardun nan biyu na fita falo. Baba na zaune a kan tabarma da kofin kokonsa, daidai ƙarƙashin firam ɗinsa uku. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa aikin zan karɓa tukuna, karatun sai na san abin da zan je nema. Ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Shekara nawa?"

"Biyu, Baba. Wataƙila uku."

Ya kurɓi kokonsa. "Da icen maɗaci na yi firam ɗin nan. Gara ba ta cin maɗaci." Ya miƙa hannu bayan kujera ya jawo jakar kayan aikina, ya turo mini ita. "Tashi, Dakta. Matan nan tun asuba suke tuƙa iska."