Ƙafar Ɗan'azumi

Da igiya aka jawo Ɗan'azumi daga rijiyar tsakiyar Matameye, ƙafarsa ta dama na reto kamar ba a jikinsa take ba. Gayyar yasar rijiyar aka kira, shi ya shiga, gefen rijiyar ya rufto masa a ƙauri. Majiya ƙarfi suka kai shi gida a kan ƙyaure, suka yi wa matarsa Baiwa sannu, kowa ya kama gabansa.

Baiwa ta yi kuka, amma ba ta razana ba, don mijinta mutum ne mai tanadi. Duk kaka yakan kai damin gero rumbun gari, wanda ma'aji Attaher ke riƙo saboda jinyar duk wanda ciwo ya kayar. Yakan kuma kai wani damin gidan Muntaka wanzami, don ya zama nasu na kansu, a kira shi ko yaushe. Akwai gwanin maɗori a Dungu, sai dai ba ya ɗaga ƙafa sai an ja masa akuya, tasu kuwa masu karɓar harajin Damagaram sun tafi da ita. To, ina abin damuwa? Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski.

Ta yafa zane, ta tarar da Muntaka da Attaher a gindin durumi, ta durƙusa daga nesa ta faɗi abin da ya kawo ta.

Muntaka ya shafa gemu, ya ce daminsa na aski ne da ƙaho da cire belu, abin da aska ke taɓawa. Ƙashi ba ya ciki. Balle ma a aikin gari mutum ya karye, sai gari ya ɗauki abinsa.

Attaher ya yi murmushi irin na wanda bai taɓa kwana da yunwa ba. Ya ce, “Baiwar Allah, rumbun gari na wanda ba shi da kowa ne. Maigidanki yana da wanzaminsa.”

“Baba, da za a karɓi damin ba a ce yana da kowa ba.”

Ya ce mata mace ba ta sa baki a maganar rumbu, ta tashi.

* * *

Daga nan fa gardama ta kankama, kai ka ce muƙami ake nema. Kullum hantsi dattawa su hallara a gindin durumi da goronsu. Masu bayan Muntaka su ce rumbun gari ramin kura ne, ka zuba da kwando ka karɓa da ludayi, shi ma sai ka yi ta sintiri kamar mai roƙo. Masu bayan Attaher su ce damin wanzami fashi ne da sallama, a yi maka ƙaho kana lafiya lau, ran da ka kwanta a ce ba da wannan ciwon aka yi alkawari ba. Kowane ɓangare gaskiya ya faɗa a kan ɗan'uwansa, tir da su duka. Aka yi ta kawo misali da Kance, da Tsauni, har da Katsina, wadda rabinsu ba su taɓa ganin ganuwarta ba. Gidan Ɗan'azumi kuwa ga shi nan jifa ɗaya, ba wanda ya leƙa.

Baiwa na jiyo shewarsu ta bayan darni tana kore ƙuda. Ta ɗaure ƙafar da kara yadda ta ga ana yi wa akuya, ta shafa man kaɗe. Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, ta soma wari. Ɗan'azumi ya daina tambayar ko an aika Dungu. Ita kam ta tsani waɗannan mutane, tsana ta har cikin rai, ko muryarsu ta ji sai ta tofar da yawu.

* * *

Ran kasuwa da safe sai ga Muntaka ya yi sallama, zabira a rataye, fuska a sake. Ya buɗe ƙafar, ya toshe hanci, ya gyaɗa kai.

“Yauwa, yanzu magana ta zo gidanmu. Yanke ƙafa aikin aska ne, daminku ya biya.”

Ƙarti suka danne Ɗan'azumi, aka sa masa itace a baki, aka tafasa man tsayar da jini. Baiwa ta tsaya a madafa, hannu bisa kai, har ihun ya ɗauke.

Kafin azahar Attaher ma ya iso da ƙwaryar gero. Ya ce a yi albishir, maigidan ya shiga sahun miskinai, rumbun gari bai taɓa mance gurgu ba. Suka zauna a zaure shi da Muntaka, kowa na bugun ƙirji cewa nasa ne ya yi rana.

Ƙafar tana nan a tsakar gida, naɗe cikin tsohuwar tabarma, kaji sun fara zagaya ta. Baiwa ta matsa bakin zaure ta tambaya wa zai binne. Muntaka ya ce aikinsa ya ƙare daga inda aska ta tsaya. Attaher ya ce gari gawa yake binnewa, wannan kuwa mai ita da ransa.

Ta ɗauki fartanyar mijinta, ta rungumi tabarmar, ta zaga bayan ɗaki. Ƙasar bazara ce, ta yi tauri, sai da ta zuba ruwa sannan ta haƙu.