Takalman Trine

Ranar Asabar bayan girbin sha'ir aka tashi da yayyafi mai sanyi, gari ya yi duhu tun hantsi. Ursel, matar Fasto Eberhard, tana wanke tukunya ta ji ƙararrawar coci ta buga sau ɗaya ta yi shiru. Wani gidan kuma annoba ta shiga.

A ƙauyensu ba a barin mutum ya cika cikin shiru. Sai an tsaya a kansa ana rera waƙar addu'a har ransa ya fita. Eberhard ne ke rubuta waƙoƙin, amma tari ya cinye masa murya, don haka 'yarsu Trine ke rerawa. Ita kaɗai ta rage musu cikin 'ya'yansu.

Ursel ta ɗauke takalman yarinyar ta cusa cikin buhun gari.

Sai ga Jost mai haƙa kabari a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga hularsa.

"Uwargida, matar mai niƙa ce. Wuyanta ya kumbura kamar ta haɗiye ƙwai. Ta ce sabuwar waƙar take so, wai tsohuwar ta gundure ta."

"To kai ka rera mata mana."

"Ni? Ai da ta mutu sau biyu."

Eberhard ya fito daga ɗaki, tawada a yatsunsa.

"Maigida, ka bar min 'yata," in ji Ursel. "Ta tsaya ta taga, ai za a ji."

"Ta taga ake miƙa wa kare ƙashi, Ursel. Ni na rubuta cewa Ubangiji ba ya gudun gadon mai ciwo. Yanzu in ce ƙarya na yi?"

"Waƙa ce fa kawai!"

Trine ta leƙa ƙarƙashin gado, ta duba bayan murhu, sannan ta kalli uwarta. Ta zura manyan takalman ubanta ta bi Jost, suna ƙwal-ƙwal cikin taɓo.

Da yamma ta dawo tana murmushi, ta ce matar ta cika a baiti na ƙarshe. Tana magana tana sosa wuya.

Kafin dusar ƙanƙara ta sauko, ƙauyen ya rasa mutum arba'in da ɗaya, har da Jost, har da Trine. Waƙar ta zauna, ana rera ta. Takalman suna nan cikin buhun gari.