Zango Nawa Zuwa Jidda

Hammajoda ya taso daga Inkil da sassafe, bai iso unguwar Ɗan Iya cikin Bauchi ba sai da rana ta take tsaka, don gwiwoyinsa sun daina jin magana. A can Malam Mansir yake, wakilin masu zuwa Makka ta jirgin sama. Saura shekara guda a sami mulkin kai, kowa a Bauchi zancensa ke nan, ban da wannan tsoho.

Shi ƙanensa Bakari yake nema. Shekara ashirin da biyu ke nan da Bakari ya kama hanyar Gabas a ƙasa, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wani alhaji ya taɓa cewa ya ga mai kama da shi a Sudan, iyakar labarin ke nan. Hammajoda ya bi masu dawowa da tambaya har ya haddace hanyar: Yarwa, Fallomi, Abashe, Fashir. Da ƙafa ta gaza masa sai ya sayar da bijimai, a tunaninsa jirgi raƙumi ne mai sauri, duk inda ya yada zango zai sauka ya shiga kasuwa cigiya.

Malam Mansir, wanda ya gaji da maimaita karatu ɗaya tun safe, ya zayyana masa ba tare da ya ɗago ba. Mota zuwa Kano. Daga filin jirgin Kano zuwa na Jidda mil dubu biyu da 'yan kai, tafiyar kamar awa goma sha biyu.

Mil da awa ba su gaya wa Hammajoda kome ba.

"Ɗana, ni zango nake tambaya. Zango nawa?"

"Ɗaya, Baffa. A Hartum, a sha mai. Ba mai fita daga filin."

Tsoho ya jero masa garuruwan a kan yatsu. Mansir ya ce duk ta samansu za a wuce, can bisa gajimare, ko rufin ɗaki ba lallai a gani ba. Sai a lokacin ya ajiye alƙalami ya dubi mutumin, ya tambaye shi wa yake nema. Tsoho ya gaya masa.

Gajiya ta sauko wa Hammajoda gaba ɗaya, ba ta tafiyar safe kaɗai ba. Hanyar da ta cinye masa ɗan'uwa, wai ita ce za a haɗiye tsakanin asuba da magariba, ba a ko yi wa kowa sallama ba. Ya daɗe zaune a kan benci yana murza gwiwa, har na bayansa suka fara gunaguni.

Can ya miƙa babban yatsa a shafa masa tawada.

"Rubuta ni," in ji shi. "Amma ka gaya wa direban, in mun zo saitin Sudan a sanar da ni. Mu a Inkil in jirgi ya wuce kowa kan ɗaga kai. Ƙila shi ma Bakari ya ɗaga."