Fararen Layuka a Fuskar Mas'udu

Tun da Tajuddeen ya san yayansa Mas'udu da shagon buga fasta a Gusau, bai taɓa ganin gari ya waye bai kunna injin ba. Ko ranar Sallah sai ya leƙa ya buga 'yar takardar gwaji, wai kada tawada ta bushe a kan injin. Tajuddeen ya sha yi masa tsiya, yana cewa ko amarya ba ta samun wannan kulawa.

Sai ga shi Mas'udu ya ɗauki aikin wata makaranta zai kai Tsafe, 'yan bindiga suka tare motarsu a hanya, gawarsa aka dawo da ita. Tajuddeen ya kashe wutar shago, ya garƙame ƙofa, ya tafi Bungudu zaman makoki. Bayan an watse ma ya kasa komawa, don ganin kujerar yayansa kawai yana sa shi kuka.

Mahaifiyarsu, Inna Yelwa, ita ta mayar da shi. Hawan jinin ido ya daɗe yana cin ganinta, ga kuka ya zo ya ƙara. Ya nuna mata hoton marigayin a waya, ta kai shi har bakin hanci, ta girgiza kai.

"Wanga ya yi mani ƙanƙane," ta ce. "Ka tahi ka buga mani shi babba, irin na 'yan siyasa. Ina son in ga yayanka."

Ba ta faɗi sunansa ba. Mas'udu ɗan fari ne, kuma Inna Yelwa mace ce mai alkunya irin ta da. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in ya shigo gaishe ta ma ƙasa take kallo.

Tajuddeen ya buɗe shago ya tayar da injin. Hoton ya fito, amma fararen layuka sun ratsa fuskar daga kunne zuwa kunne, jan launi kuma ya ƙi fita, fatar ta koma kore-kore kamar ɗanyen mangwaro. Abin da Mas'udu ke gudu ne ya faru: tawada ta bushe ta toshe ƙananan ƙofofin kan injin, wato ɓangaren da ke fesa tawada. Ya sa injin ya wanke kansa har ya gaji. Ya jiƙa tsumma da ruwan wanki ya kwantar da kan a kai, ya zuƙo tawada da sirinji kamar yadda ya ga yayansa na yi. Jan ya dawo, fatar ta koma ta mutum, amma layukan nan suna nan, sirara, sun ƙi tafiya.

Kowa ya kalli hoton zai ce Mas'udu ne, har da wushiryarsa. Amma Tajuddeen mutum ne mai taurin kai a kan aiki, da shi aka haife shi. Ya ce ba zai kai wa uwa fuskar ɗanta a yayyanke ba. Ya naɗe hoton ya jefa bayan kanta, ya yi odar sabon kan injin daga Kano. Can aka ce babu, sai an kawo daga Legas. Inna ta yi ta aiko masa, yana cewa ta ƙara haƙuri kaɗan. Damina ta wuce, aka yanke gero, sannan kaya suka iso.

A ranar ya buga hoton, ya fito tas, ko ɗigo babu. Ya hau mota zuwa Bungudu da murnarsa, ya shimfiɗa shi a tsakar gida inda rana ta fi haske, ya riƙo hannun Inna ya zaunar da ita gabansa.

Ta sunkuya ta daɗe. Sai ya lura ba fuskar take kallo ba, idanunta na kan gefen tabarma. Ta laluba da hannu har ta taɓa ledar da aka buga hoton a kai, ta yi ta shafa ta, santsi kawai, babu abin da yatsa zai kama.

"Ya yi kyau ko?" ta tambaya.

"Ya yi kyau, Inna."

Ya tuna wancan mai layukan, yana can shago bayan kanta a naɗe tun lokacin da take iya gani.

"Ni ban taɓa dubanai da kyau ba, kunya ta hana ni," ta ce a hankali, hannunta na kan goshin hoton. "Tajo, hwaɗa mani, da wa yake kama?"