Ƙahon Cleophus a Bakin Wani

Har yau idan na ji ana yabon gajerun finafinan kiɗan nan da muka yi a farkon shekarun yaƙin duniya na biyu, raina ɓaci yake yi. Ni ne mai ganga a ƙungiyar Virgil Hairston, don haka na san yadda aka yi su, kuma a gaban idona aka yi wa Cleophus Dabney abin da aka yi masa.

Cleophus shi ne babban mai busa ƙahonmu. Baƙi ne wuluk, gajere, mai kauri, leɓensa na sama ya yi kanta har ya tsage saboda ƙarfen bakin ƙaho. Ba shi da kyau, kuma bai taɓa cewa yana da shi ba. Amma muna da wata waƙa mai sanyi wadda a tsakiyarta kowa ke yin ƙasa-ƙasa a bar shi shi kaɗai, kuma busar da yake yi a wurin tasa ce, shi ya ƙirƙire ta tun yana yawon neman aiki a Kansas City. Mu makaɗan Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, mun san mai ita. Sauran duniya ba ta san da zamansa ba. Shi ya sa da aka ce za a yi mana fim ɗin minti uku na akwatunan kallon nan da ake ajiyewa a mashaya da gidajen abinci, har sabuwar taye ya saya. Burinsa ɗaya ne, a ji busar nan a ga wanda ya yi ta.

Aikin kashi biyu ne. Da farko ku shiga ɗakin ɗaukar sauti da rigunanku na gida, babu kyamara, ku yi kiɗan gaske a ɗauka. Bayan 'yan kwanaki ku sa kwat ku tafi ɗakin ɗaukar fim a unguwar Bronx, a sako muku abin da kuka kaɗa ta lasifika, ku kuma ku yi ta kwaikwayon kanku kamar sakarkaru. Ni har roba ake shimfiɗa mini a kan ganguna don kada in yi ƙara.

Ranar kyamara muka tarar da baƙo zaune a kujerar Cleophus. Dogo ne, jininmu ne amma fari tas a cikinmu, gashi a kwance yana sheƙi, riƙe da ƙahon aro kamar an ba shi ajiyar jaririn wani. Sunansa Sterling Mabry, ɗan rawa ne, kuma hotonsa ne a jikin kwalbar wani man gashi.

Cleophus ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi ɓatan kujera."

Darakta, wani Bature mai suna Mista Kessler, ya amsa daga bayan kyamara, ko kallonsa bai yi ba. "Bai yi ɓata ba. Zan matso da kyamara dab da fuska a wurin busar nan. Fuskar da za ta sa mata su tsaya nake so."

Na ce, "To ai sai ka sa man gashin ya busa maka."

Virgil ya damƙe mini hannu. Shugabanmu ne, mutum mai ladabi a gaban duk wanda ya fi shi, kuma ran nan ladabin ya ba ni haushi. Ya ce, "Yallaɓai, Cleophus ne fa ya yi ta."

"Na sani, kuma ta yi daɗi. Tana cikin faifai, ba wanda zai taɓa ta. Me aka rage masa?" Sai ya juyo ga Cleophus, da murmushinsa na rashin ta ido. "Kai, taimaka ka nuna masa inda zai sa yatsu. Ba na son a ga ƙarya."

Ka ji fa. Shi da ya shirya ƙaryar, shi ne ba ya son a gan ta.

Na ja Cleophus bayan labule. "Ka ji ni da kyau. Koya masa shirme. Ka sa yatsunsa su yi gabas sauti ya yi yamma. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaho a ƙasar nan zai kalla ya fashe da dariya, kowa ya san akwai wani a ɓoye."

Ya gyara tayensa. Sannan ya ce, "Ba zan iya ba, Roscoe."

"Tsoron Baturen kake ji?"

"Uwarsa. Busata ce. Ba zan yarda a ji ta ana kallon yatsun banza a kanta ba."

"Kai jaki ne, Cleophus."

"Na ji. Matsa mini."

Irin haukan masu ƙaho ke nan. Sun fi ƙaunar sautin a kan kansu. Ya je ya zauna gaban Sterling, gwiwa da gwiwa. Shi Sterling ɗin ba mugu ba ne, har ya ce, "Ka yi haƙuri, yayana, ni ma kira na aka yi." Cleophus ya ce, "Rufe bakinka ka ɗora yatsa a nan." Ya nuna masa maɓallan uku ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna masa inda zai ja numfashi, da inda zai riƙe shi har jijiyar wuya ta fito. Ya nuna masa yadda yake ɗan karkatar da kai hagu idan zai hau sama, da yadda yake runtse ido ɗaya kafin ya sauko. Har zaginsa yake yi idan ya makara. Ɗan rawa kuwa ba abin da ya iya kamar ɗaukar motsin jiki, kafin azahar ya kwashe komai.

Da aka kunna fitilu, aka sa Cleophus ya tsaya can gefe tare da masu jan waya, da sabuwar tayensa. Lasifika ta sako busarsa, Sterling ya miƙe ya karkatar da kai hagu. Ni ina dukan roba ina hawayen takaici. Sau ɗaya aka ɗauka, Mista Kessler ya tafa.

Fim ya fita, ya kuma karɓu fiye da yadda kowa ya zata. A shagon askin da muke zama an yi ta tsokanar Cleophus, ana ce masa yaushe ya yi tsawo haka, wane sabulu yake wanka da shi. Yana dariya tare da su, ni ba na yi. A Harlem abin wasa ne don an san gaskiya. Akwatunan kuwa ba a Harlem kaɗai suke ba.

Da bazara muka tafi Detroit, rawar la'asar ta ranar Lahadi, zaure cike da ma'aikatan masana'anta da matansu, an ci ado. Muna jera kaya mai zauren ya hawo dandali yana ƙirga fuskokinmu.

"Hairston, ina mai ƙahon?"

Virgil ya nuna Cleophus.

"Kada ka raina mini hankali. Dogon nan na cikin akwati nake nufi. Rabin matan nan shi suka zo gani. In babu shi, kai za ka yi musu bayani, ba ni ba."

Na ce a raina, to yau dai gaskiya za ta fito. Ga makirufo, ga jama'a, ga mai busar a tsaye. Jimla ɗaya ta isa. Virgil ya gyara kwat, ya yi murmushi, ya ce, "Jama'a, muna ba ku haƙuri. Tauraron ƙahonmu yana kwance ba shi da lafiya a New York. Amma ɗan'uwanmu Cleophus Dabney zai yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe masa wurin."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Na ji kamar in rotsa wa Virgil sanda a ƙeya, kuma har gobe ina ganin da na yi da ban yi laifi ba. Cleophus kuwa ya ci gaba da shafa wa maɓallansa mai.

Da waƙar ta zo muka yi ƙasa-ƙasa, ya miƙe. Na ji busar nan sau ba adadi, ban taɓa jin ta kamar ran nan ba. Fushi ne zalla ya zuba a ciki, masu rawa suka tsaya cak a tsakiyar fili. Da ya sauke ƙahon aka tafa masa sosai, sai dai irin tafin da ake yi wa wanda ya ba mutane mamaki da abin da ba nasa ba.

Lokacin hutu wata dattijuwa mai hular coci ta ratso jama'a, ɗauke da farantin soyayyar kaza da burodin masara. Ta ajiye masa a gaba, ta dafa kafaɗarsa da tausayi na gaskiya.

"Ɗana, ci wannan, ka yi aiki. Kada ka kula da masu gunaguni. Ni kullum ina kallon dogon nan a akwatin gidan abincin unguwarmu, na san busar nan sarai, kuma ka kusa kamo shi. Har karkatar da kan nan nasa ka koya." Ta sunkuyo ta rage murya. "Sai dai ka cika zafi. Shi a natse yake yin ta. Idan ka koma ka roƙe shi ya nuna maka."

Na buɗe baki zan yi magana, Cleophus ya taka mini ƙafa da ƙarfi. Ya ɗago ya kalle ta, leɓen nan nasa ya sake tsagewa, jini na tsattsafowa.

Ya ce, "Na gode, Inna. Zan roƙe shi."