Injin Safe, Injin Yamma

"Ba Auta ba ne, Maigida, ni ne," in ji Dogo, yana gyara wa tsohon matashin kai.

Tun da ciwo ya kwantar da tsohon shugaban injin maɗaba'a, Dogo ne ke jinyarsa, domin katanga ɗaya ta raba gidajensu. Amma duk wanda ya ɗaga labulen ɗakin, sunan Auta tsohon ke kira. Auta, mai aikin yamma, wanda ya zo jiya-jiya.

Abin ya daɗe yana cin Dogo a rai. Shi dai, mai aikin safe, tsohon ya koya masa ya ɗaure ƙarfen da ke jan takarda tamau kafin ya tada inji. Auta kuwa ya rantse sassautawa tsohon ya koya masa. Ga shi manaja ya ce ya gaji da magana biyu a kan inji ɗaya: za a gwada, wanda hanyarsa ta yi kyau shi zai gaji kujerar tsohon.

"Maigida, tsakaninka da Allah, wa ka gaya wa gaskiya? Ni ko ɗan lelenka?"

Tsohon ya yi dariya har ta koma tari. "Kai dai tsawon kawai gare ka. Da safe kake samun ƙarfen a sanyaye, dole ka ɗaure. Shi kuwa da zafinsa yake tarar da shi, in ya ɗaure takarda ta yage." Ya numfasa. "Ka gaya wa yaron nan, bai san dalili ba. Hannunsa ya fi naka, kada a ɓata shi."

Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

A wurin zaman makoki Auta ya yi ta kuka, mutane suna dafa kafaɗarsa suna ba shi haƙuri kamar a gidan aka haife shi. Dogo yana gefe yana shimfiɗa tabarmi. Hannunsa ya fi naka. Maganar ta ƙi barin kunnensa.

Da manaja ya zo ta'aziyya, ya ja Dogo gefe. "Kai ne babba. Yaushe za a yi gwajin?"

Dogo ya dubi Auta, sannan ya ce, "Da safe, ranka ya daɗe."

Ranar gwaji Auta ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya sassauta ƙarfen mai sanyi. Dogo ya jingina da bango, hannuwansa a aljihu, yana kallon farar takarda ta fara zamewa gefe a hankali.