Zumar Ƙarshe ta Georges

Zumar da na jiƙa a tulun nan ita ce ta ƙarshe da mijina Georges ya ɗebo daga amyoyinsa na Ngong kafin ciwo ya kwantar da shi. Shekara guda tana ɓoye, ko lasa ban yi ba. Burina shi ne ranar fitar makoki 'yan'uwansa su sha giyar zumarsa sau ɗaya tak, yadda ya saba ba su.

To amma kiyashin unguwarmu Djamboutou ina ruwansu da makoki? Suna jin ƙanshi za su jero. Na ɗora tulun kan benci, na tsoma ƙafafun bencin cikin gwangwanaye cike da ruwa, na ɗaure bakinsa da ƙyalle. Haka Georges yake yi. Abin da na manta shi ne zafin Garoua a watan Maris, wuni biyu ruwan ya ƙafe.

Da zan tafi Ngong gayyato dangi, na bar wa maƙwabciyata Aisatu makulli ta riƙa ba kaji dawa. Ban yi mata zancen tulun ba. Musulma ce, ko kusa da giya ba ta zuwa.

Kwana uku na dawo, ta tare ni a ƙofa da murnarta.

"Maman Junior, Allah ya taimake ki na leƙa ɗakin! Kiyashi sun rufe tulunki baƙi ƙirin. Na ce kai, wannan aikin marigayi ne. Na ɗauko maganin sauronmu na feshe shi, har ƙyallen ya jiƙe sharkaf. Ko ɗaya bai sha ba."

Na tsaya ina kallonta. Wallahi don ni ta yi.

"Useko, Dada Tahir," na ce mata da Fillanci, ina kiran ta da sunan ɗanta, "na gode."

Da ta fita na kwance ƙyallen. Warin magani ya doke ni, ga maiƙonsa kwance a saman giyar. Na kai bayan gida na tuttular, na zauna a ƙasa na yi kukan da ko ranar binne shi ban yi ba.

Ranar taro giyar kwalba na raba. Aisatu tana gefe tana juya mana tukunyar shinkafa lokacin da Rostand, wan Georges, ya kira ni.

"Simone, ina giyar zumar ƙanena?"

"Ta lalace, Yaya. Ni na yi sakaci."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ajiye kofinsa.

"Abu ɗaya fa ya bar miki."